Kurangar da Baba Ya Hana a Aske

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, kuma ranar wata Talata cikin watan Fabrairu Baba ya riga mu komawa. Baba mahaifin maigidana ne. Shekara goma sha huɗu na yi a gidansa ban taɓa kama sunansa ba, to ba yau da ƙasa ta rufe masa ido zan fara ba. Wanda ya san shi ya san wanda nake nufi.

Gidanmu na McLeansville, wani ƙauye a wajen garin Greensboro nan ƙasar Turawa, ba ya kusa da kowa, sai gonaki da gidaje jefi-jefi, amma kafin la'asar motoci sun cika har bakin titi. Mutanen Nijar sun zo, mu 'yan Najeriya mun zo, kowa da abin da yake tunawa. Wani direba ya ce wata biyu ya yi yana kwana a falon Baba lokacin da ya sauka garin nan bai san kowa ba. Wata Hajiya ta ce shi ya hana ta kashe tumatirinta da yawan ban-ruwa, tana faɗa tana dariya tana share hawaye. Inna, surukata, ba ta yi kuka ba. Can da yamma ta ɗago ta tambaye ni ko an shigo da takalman aikinsa daga ƙofar baya, kada ruwa ya dake su. Wannan tambayar ce ta karya ni, na shige kicin na yi kukana.

Mutum biyu ne suka tsaya mini a rai cikin masu ta'aziyya. Ta farko wata Baturiya ce da ta ɗaura gyale a karkace, ta cire takalmi tun daga mota. Tana shigowa na ji mata suna raɗa cewa 'yar masu gonar giya ce. Ta durƙusa gaban Inna ta ce rabin kurangar inabin da ke raye a gonar mahaifinta yau, hannun Baba ne ya raya su. Na biyu kuwa aminin Baba ne, Alhajin da suka taso gari ɗaya a ƙasar Maraɗi. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya zauna a kusurwa, kuma da aka ajiye masa abinci ya faɗi abin da ya saba faɗa a gidanmu, wato ya ƙoshi.

Sai na koma baya kafin a gane wannan ƙoshin.

Baba ɗan masu garka ne, abin da mu muke ce wa lambu. Albasa da lemo da mangwaro ya taso yana nomawa. Da ya zo Greensboro ya kama aikin sito a wajen titin Wendover kamar kowa, shi da amininsa. Shekara ɗaya ya yi ya ajiye. Ya ce wurin ba shi da taga, mutum ya wuni bai san abin da sama take ciki ba. Daga nan ya samu aiki a gonar inabin wani tsohon Bature a wajen gari. Ya san sarai abin da ake yi da inabin, giya ake matsawa. Ya kafa wa kansa iyaka: aikinsa ya tsaya a jikin kuranga, ba ya shiga rumfar matsa, ba ya ɗaukar kwalba, ba ya zama wurin da ake ɗanɗanawa. Shekara ashirin ba ɗaya bai ƙetare ƙofar rumfar nan ba.

Amininsa bai yarda da wannan iyakar ba. Ya ce wanda ya raini kuranga ya san inda ruwanta zai je, kuma abin da aka saya da ladan wannan aiki ba zai shiga cikinsa ba. Bai yanke zumunci ba, kada in ɗauki alhakinsa. Suna, jinya, Sallah, yana cikin na farkon zuwa. Amma ko ruwa da gorarsa yake shigowa. Inna kuma ta ƙi daina zuba masa. Duk zuwa sai ta ajiye kwano a gabansa, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, ta ɗauke yadda ta kawo. Baba kan leƙo kicin ya ce a zuba wa ƙosasshe, yana murmushi, amma na san abin yana cinsa. Sau ɗaya na ji ya ba shi amsa.

"Ni ban ce ni ke da gaskiya ba," in ji shi. "Na ce ɗiya biyar gare ni, kuma ƙasa kaɗai na iya karantawa. Ka yi mini addu'a Allah shi canza mini."

Allah kuwa ya canza masa. Da autansa ya gama makaranta, Baba ya je Hajji, ya dawo ya ajiye aikin, ya koma gyaran furanni a manyan gidajen unguwar Irving Park. Sai dai ya zo da rassa daga waccan gonar ya dasa layi uku a bayan gida, inabin ci, ba na matsa ba. Amininsa ya ce jinin gonar giya ne, ya ci gaba da ƙoshinsa. Ni ba malama ba ce, hisabin wannan na Allah ne. Abin da na gani kawai nake faɗa.

A bakin Baba na fara jin cewa yanayi ya sauya, tun kafin in kula da masu faɗar haka a talabijin. Ya ce lokacin da ya fara aikin, sanyin garin nan sanyi ne na gaske, kuranga takan yi barci har Afrilu, su yi mata aski tun Janairu hankali kwance. Aski shi ne datse rassan bara a bar ido biyu kusa da gindi, daga nan sabon toho zai fito. Daga baya sai Fabrairu ta fara kawo ranakun da mutane ke yawo da 'yar shara. Kuranga ta ɗauka bazara ta yi, ta buɗe ido, ta yi toho. Sai Afrilu ta zo da safiya ɗaya tak da raɓa za ta daskare, ta ƙone tohon ƙurmus. Irin Faransa, wanda mai gonar yake taƙama da shi, shi ya fi shan wahala, don ya fi saurin farkawa. Baba yana ce masa sarkin gaggawa.

Ba sanyi kaɗai ba. Zafi ya daina sauka da dare, inabi ya riƙa yin zaƙi kafin ya nuna sosai, girbi yana matsowa gaba kowace shekara. Ruwan guguwar teku ya riƙa saukowa daidai lokacin nuna, ya fasa masu siririn ɓawo su ruɓe a jikin reshe. Ga wani ɗan ƙwaro mai ɗauke da cutar da ke busar da ganye, wadda a da tsananin sanyi ke kashewa, yanzu ta samu wurin zama. Baba ya ga tsohon Baturen nan yana tumɓuke layukan da suka dasa shi da marigayiya matarsa, yana kuka, yana maye gurbinsu da irin da aka haɗa jininsa da na ƙasar nan, har da mai kaurin ɓawo wanda a da yake rainawa ya ce na ƙauyawa ne. Baba ya ce ya lallashe shi da labarin gida. Da damina ta gajarce, iyayensu sun bar maiwa sun kama gero mai saurin nuna, ba don sun daina son maiwa ba. Ya ce masa manomin da ya yi fushi da sama shi ke kwana da yunwa.

Dabarar da ta raya gonar ma daga gida ya zo da ita. Mahaifinsa bai taɓa zuba duk irinsa a ruwan farko ba, yakan bar rabi a rumbu sai ya ga gaskiyar damina. Baba ya lura cewa in ka bar reshe da tsawonsa, idanun can ƙarshe ne ke fara buɗewa, na kusa da gindi su yi ta barci suna jira. Sai ya daina aski da wuri. Ya bar na ƙarshen su fita su gwada gari, in sanyi ya dawo ya cinye su, na gindi suna nan a rumbu. 'Yar mai gonar, wadda ta karanta aikin gona a jami'a, ta ce ai wannan yana cikin littafi. Baba ya ce to littafin ya bi ta gonar babansa.

Yadda na koyi aikin kuwa abin dariya ne. Kunya ba ta barin suruki ya tsaya yana koyar da matar ɗansa baki da baki, ni ma ba zan tsaya ina masa tambayoyi ba. Maigidana kuma, Allah ya ba shi lafiya, ba ya bambance kuranga da kabewa. Wata rana ina shanya Baba yana fama da igiyar ɗaure rassa, iska tana ƙwacewa, sai na je na riƙe masa bakinta ban ce komai ba. Shi ma bai dube ni ba. Ya dubi kurangar ya ce, "Ke kuranga, hwaɗa ma mai riƙe miki igiya ta sassauta, ba akuya take ɗaurewa ba." Tun daga ranar haka muka yi karatu shekara shida. Yana magana da kuranga, ni ina saurare. In ina da tambaya ni ma kurangar nake tambaya. Inna takan ce duk gidan nan ba wanda ya kai itacen nan jin gulma.

A haka na san agogonsa. Akwai wani tsohon itace a bakin shingen maƙwabci, wanda ke rigan kowa zubar da ganye, ya kuma zama na ƙarshen fitarwa. Baba yana ce masa dattijo. Ya ce zafin ƙarya ba ya ruɗin dattijo, duk ranar da ya yi ganye to sanyi ya tafi da gaske, a ɗauko sekatar, almakashinsa na aski ke nan.

Kwana shida kafin rasuwarsa, an sallamo shi daga asibiti, yana zaune a bakin taga ina ninke kaya a bayansa. Ranar garin ya yi ɗumi kamar Mayu. Ya daɗe yana kallon waje sannan ya yi magana.

"Ke kuranga, hwaɗa ma mai igiya zafin bana maƙaryaci ne. Ko wa ya zo da sekatar, a ce mishi sai dattijo ya yi ganye."

A raina na ce wa zai zo da sekatar in ba kai ba. Ban san wasiyya yake bari ba.

Saura mako biyu a yi addu'ar arba'in, ranar Asabar da hantsi, ina suyar ƙosai na ji motoci. Maza shida ne, aminin Baba a gaba, riƙe da sabon almakashi ko takardar shago ba a cire ba. Gayya ya haɗo. Ya ce wa maigidana a bayan gida za a shimfiɗa tabarmi ranar arba'in, kuma abin kunya ne jama'a su ga garkar mamaci ta zama daji kamar bai bar magada ba. Ya ce duk inda ya wuce a hanya masu inabi sun yi aski tuntuni. Gaskiya rassan sun yi tsirara-tsirara, sun miƙe ko'ina kamar kan da bai ga kitso ba. Maigidana ya ji daɗi, ya yi ta godiya. Mutumin da bai taɓa taɓa ganyen kurangar nan ba yau shi ya zo yi mata hidima.

Na ruga ɗakin Inna. Tana takaba, tana zaune kan darduma. Ta ce ita ba za ta fita gaban maza ba, kuma ba ita aka bar wa saƙon ba. Ta ce, "Ke ya hwaɗa ma. Tashi."

Ban san yadda ƙafata ta kai ni ba, har da matsamin ƙosai a hannuna. Kafin in isa ya riga ya aske kuranga biyu na farkon layi, ya bar musu ido bibbiyu tsaf, ashe ya je ya tambayi yadda ake yi. Na durƙusa a kan ciyawa na gaishe shi, na ce ya yi haƙuri ya dakata, Baba ya bar magana. Na faɗi maganar yadda aka faɗa mini. Maigidana ya ce in bari mana, ɗan rage rassa ne kawai, ga gari ya yi zafi. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya dube ni.

"Ɗiyata, tun da ya dasa garkar nan ban yi mishi komai a cikinta ba. Bar ni in yi mishi wannan guda."

Na san ba aski ya zo yi ba, gafara ya zo nema, kuma ni ce na tare masa ƙofa.

"Alhaji, da tawa ce da na bar maka har gindinta," na ce. "Amana ce."

Ya rataye almakashin a kan dirka, ya karkaɗe hannu, ya yi wa maigidana sallama ya tafi. Sauran suka bi shi. Ƙosan da na bari a wuta ya ƙone.

Na sha magana. Maigidana ya yi kwana biyu yana ba ni amsa da ka. Labari ya zaga cewa surukar gidan, 'yar Najeriyar nan, ta kori dattijo daga garkar amininsa. Aka yi arba'in cikin rassan nan birkice, ƙarshensu ya yi kore shar, rana tana ta haskawa, mutane suna kallon kuranga suna kallona. Alhaji ya zo, ya yi addu'a, ya ƙoshi, ya tafi. Ni kaina na fara shakka. Zan faɗi abin kunyata: na kama kaina ina fatan sanyi ya dawo don in fita, alhali na san gonakin mutane zai ci. Na yi istigfari.

Kwana biyar bayan arba'in na fito da safe zan tafi aiki, na tarar gilashin mota ya yi fari, ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Kafin azahar duk tohon ƙarshen rassa ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar dafaffen ganye. Na bi layi uku ina duba gindi. Idanun suna nan a rufe, ba abin da ya same su. Sai biyun nan da Alhaji ya aske, waɗanda askin ya tayar da idanunsu na gindi da wuri, su ba su da na ajiya, sun ƙone duka. Ban ji daɗin cin nasara ba. Kewar Baba ce ta taso mini, na tsaya a tsakiyar layi ina gaya wa kuranga cewa mai ita ya yi gaskiya.

Da yamma Baturiyar nan ta kira. Ta ce ta bi dabarar Baba ta tsira da mafi yawan gonarta, amma ba ta san ranar da za ta yi aski ba, don shi take kira ta tambaya kowace shekara. Na ce ta jira, zan gaya mata in dattijo ya yi ganye. Sai ta ce ashe ya bar wa wani agogon.

Ranar da dattijo ya fitar da ganye Inna ta aiki maigidana. Ta ce ya gaya wa aminin Malam, wato Baba, sekatar ɗinsa tana nan a kan dirka inda ya bar ta, kuma lokaci ya yi. Na ɗauka ba zai zo ba. Washegari sai ga shi shi kaɗai. Ya wuce biyun da suka ƙone, ya tsaya a kansu jim, sannan ya ɗauki almakashin ya kama reshe na uku. Na ga zai yanka ƙasa da inda ya kamata. To ni yaya zan gyara wa sa'an surukina? Bakina ne ya yi abin da ya saba.

"Ke kuranga," na ce, "gaya wa mai sekatar ya ɗan hau sama, ya bar miki ido biyu."

Hannunsa ya tsaya. Ya tambaye ni, ba tare da ya juyo ba, ko haka marigayin yake yi. Na ce haka yake yi. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Mutumin da bai zubar da hawaye a bakin kabari ba ya dafa wayar da kuranga ke hawa ya yi kukan amininsa, ni kuma na juya baya ina warware igiya har ya gama. Muka aske layi ukun kafin azahar, ni ina gaya wa kuranga, shi yana yanka.

Biyun da suka ƙone ba su mutu ba. Sun sake toho daga baya, ganye kawai, ba 'ya'ya. Alhaji ya ce waɗannan nasa ne tunda shi ya cuce su, ya riƙa zuwa duk Asabar yana duba su. Ya fara tambayar sunayen iri, wanne ke jure ruwa, wanne ke jure zafi. Mutanen da suka zage ni ma suka fara neman reshe, yanzu akwai 'ya'yan kurangar Baba a bayan gidaje da dama a garin nan, har da cikin bokiti a barandar bene.

Ƙarshen Agusta muka tsinke. Bai kai na wasu shekarun yawa ba, amma ya cika kwanduna, mun kai masallaci an raba sadaka. Inna ta riga ta fita takaba. Da Alhaji ya shigo falo ta wanke nono guda na inabin, ta sa a kwanon da ta saba zuba masa abinci, ta ajiye a gabansa ta koma ta zauna. Duk muna jiran kalmar da muka haddace.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya yi bisimilla ya tsinki ɗaya ya sa a baki. Ya tauna a hankali, ya tsinki na biyu.

"Ashe haka yake da zaƙi," in ji shi. "Allah shi gafarta mana, ni da shi." Ya share ido da hannun riga, ya dubi ƙofar kicin. "Hajiya, akwai sauran tuwo?"

Inna ta miƙe da saurin da na daɗe ban gani a jikinta ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce mini, da muryar da ta kusa zama ta Baba, in zo in taya ta a zuba wa ƙosasshe.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da ƙasa a farcensa. Ka yafe masa abin da ya yi kuskure, ka karɓi abin da ya daidaita, ka yalwata masa makwanci, ka zaunar da shi a inuwar kurangar da sanyi ba ya ƙonawa. Mu da ya bar wa igiya, ka ba mu haƙurin jira har dattijo ya yi ganye. Amin.